Almakashin Kawu

Kawu bai taɓa barin wani ya riƙe almakashinsa ba. Telolin shagonsa duk gwanayen ɗinki ne, amma babu wanda ya iya yanka a cikinsu. Da safe zai tsaya a babban teburin da ke ƙuryar shago, ya juya musu baya, ya yanka yadin da zai ishi wuni guda, ya ajiye wa kowa nasa a kan keke. Na gobe sai gobe.

In an yi gunaguni, yana da amsa. Tun yana saurayi ya ji wa'azi a kan yawon Bani Isra'ila a jeji, bai kuma daina kawo labarin ba.

"Kullum abinci ke sauko musu daga sama," in ji shi. "Wanda ya ɓoye na gobe, ruɓewa ya yi masa. Ku dai ku yarda da na gaba."

"Su shekara arba'in suka yi suna yawo, Kawu," Dogo ya ce, ƙafarsa na kan keke. "Mu saura nawa?"

"Da bakin nan naka? Ba ka ma fita daga Masar ba."

Aka yi dariya, ban da Dogo. Shi ɗan ƙanwar Kawu ne, ya fi kowa daɗewa a shagon, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Telan da bai iya yanka ba kuwa ɗan koyo ne, ko da jikoki gare shi. A ɓoye Dogo ya yi magana da mai wani ɗan shago a bayan tasha, yana so ya buɗe nasa.

Tsofaffin layin sukan ce Kawu ma da satar kallo ya koyi yanka, ranar da ya bar maigidansa kuwa da rabin masu kawo ɗinki ya tafi. Wataƙila shi ya sa yake juya baya. Sai dai kuma ko shekarar da kasuwa ta mutu, babu telan da ya kwana da yunwa a hannunsa. Wannan ne ke ɗaure wa Dogo kai, ya rasa ko riƙe su Kawu yake yi ko tsare su.

Da yanar ido ta rufe wa Kawu gani, aka ce sai an yi aiki. Ya zura almakashin a aljihu ya tafi asibiti da shi. Yadi ya taru, masu kaya suka fara sintiri. Dogo ya sayo almakashi a kasuwa. Ya daɗe yana warware tsofaffin riguna a gida yana kwaikwayon yankansu a takardar siminti, saboda haka ya shiga yanka yadin da ya taru.

Ranar da Kawu ya dawo da baƙin tabarau, kekunan duk suka yi tsit. Ya lalubo wata riga a rataye, ya bi kafaɗarta da yatsa har hammata.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne, Kawu."

"Hammatar ta matse. Mai rigar ba zai ɗaga hannu ya gai da surukinsa ba." Ya saki rigar. "Daga gobe teburin naka ne."

Sauran teloli suka shiga yi wa Dogo barka. Shi kuwa Dogo fuskar Kawu yake kallo, amma tabarau ya hana shi ganin komai.

"Af," Kawu ya ƙara, kamar yanzu ya tuna. "Mai shagon bayan tasha ya zo duba ni a asibiti. Mutumin kirki. Na ce masa kada ya jira kowa."

Washegari Dogo ya tsaya a babban teburi. Kawu ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Duk wanda ya kawo yadi, shi ke tarbarsa, ya tambayi iyali, ya auna shi, sannan ya faɗa wa Dogo awon da ƙarfi. Babu mai wuce kujerar.

Da yamma Dogo ya bi ta bayan tasha. Wani mai gyaran waya na kafa allonsa a saman ƙofar shagon da ya so kamawa.