Shingen Malam Lado

Duk wanda ya saba cin kasuwar Kurfi ya san Malam Lado mai zana. Mutumin Birchi ne, siriri, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ciyayi yake kallo. Tun yana kiwon awakin mahaifiyarsa ya haddace sunayensu, har ta kai ko an rufe masa ido aka miƙo masa ganye, murzawa kawai zai yi ya sansana ya faɗi sunansa. Da saƙar zanan gamba ya yi aure, da ita ya aurar.

Sai aka jera wasu shekaru ruwa yana ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba, dabbobi kuwa ba su ragu ba. Duk tsiron da ya leƙo a makiyaya, kafin ya yi iri baki ya kai masa. Gamba ta ja da baya, kyasuwa ta bi ta, gasaya da lalo suka yi wuyar gani. Aka bar ƙarangiya da tafasa suna cin karensu babu babbaka. Abin ya tsaya wa Lado a rai. Burinsa ɗaya, kafin ya koma ga Allah ya sake ganin ciyayin nan iri-iri a wuri guda, kamar yadda ya taso ya tarar.

Akwai wani fegi a gefen gonarsa da ya daina nomawa. Ya saro ƙayar magarya ya kewaye shi, ya bi bakin rafuka har wajen Dutsin-Ma yana tsinto iri a aljihu, ya zo ya watsa. Ya ce muddin yana numfashi kofato ba zai taka wurin ba. Ko laujensa bai yarda ya shiga ba.

Damina uku, gamba ta wuce tsayin mutum. Lado yana cikin jin daɗi matarsa Batula ta dawo da ƙwarya wayam.

"Malam, na shiga dajin naka na fito. Ko ganyen kwaɗo ɗaya babu."

"Ba ki duba da kyau ba."

"Har da rarrafe na duba. Gambarka ta danne kowa. Ko zana za mu kwaɗa da ƙuli?"

Gaskiya ta faɗa. Busasshiyar ciyawar bara da ta bara waccan ta kwanta ta rufe ƙasa, inuwa ta hana ƙananan tsirrai ɗagowa. Ya gani, amma ya bar fegin yadda yake.

Shi ma Audi, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gari, abokinsa tun ƙuruciya, ba ya wucewa bai tanka ba. "Kaɗo, ka sa ciyawa a kulle sai ka ce amarya. Bar shanuna su gaishe ta mana."

"Gaisuwar shanunka ce ta cinye jejin nan, Audi. Wuce."

Wata rana da rani Lado ya ɗora zana ya tafi kasuwa. Wani bijimin Audi ya sa ƙaho ya ture ƙayar, sauran suka bi shi. Kafin a ankara sun yi kiwo sun ƙoshi, sun tattake wurin, sun bar kashi ko'ina. Da Lado ya dawo ya gani, sai ya zauna a ƙasa. Audi ya zo ba da haƙuri har sau biyu. Sallama kaɗai Lado ya amsa masa.

Ruwa ya sauka. Bayan mako uku Lado ya je gyara shinge, ya tsaya cak. Gamba ta tofo daga tushenta, amma yanzu akwai sarari a tsakani. Inda kofato ya fasa ƙasa, ga lalo, ga karkashi. Gefen kashin shanu gasaya ta yi kore shar. Har da 'yan tsiron gawo guda biyar, waɗanda irinsu ya biyo cikin shanun. Ya durƙusa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida baƙi, yana dariya shi kaɗai.

Washegari Batula ta yi kwaɗon gasaya. Lado ya ɗauki kwanon da kansa har ruga.

"Lafiya, Kaɗo? Ƙarata ka zo kaiwa da kwano a hannu?"

"Ci ka yi shiru. Aikin bijiminka ne."

Audi ya kai loma, ya lumshe ido. "To, a buɗe mana shingen gaba ɗaya."

"Ka ji ka! In na buɗe, mu koma gidan jiya. Kwana uku a shekara, bayan iri ya zube."

"Biyar."

"Uku. Na huɗu ka tarar da ni a bakin shinge da sanda."

A kan haka suke har yau. A daminar bana Lado ya shiga ƙirga ire-iren da ke fegin, ya kai ashirin da bakwai, lissafi ya ɓace masa. Ya koma bakin shinge ya sake farawa, ko kaɗan bai ji haushi ba.