Dattin da na goge a jirgin Abba

Ina cikin goge fiffike na biyu da auduga da kananzir, Baba Bitrus ya shigo duba mu. Aminin mahaifina ne. Sun yi shekaru suna haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba a gidanmu na Lugbe, su manna su da gam, su yi musu fenti.

Wannan ne na ƙarshe da Abba ya gama kafin rasuwarsa. Na ga baƙi-baƙi a gefensa, na ce bari in tsaftace.

"'Yata, me kike yi?"

"Datti ne ya kama shi, Baba."

Ya dubi fiffiken, ya ce:

"Ba datti ba ne. Hayaƙin inji ne, don ya yi kama da jirgin da ya je yaƙi ya dawo. Sati uku babanki yana zana shi da siririn burushi."

Na duba audugar, ta yi baƙi ƙirin.

Yanzu jirgin yana sheƙi kamar sabo, ba na iya kallonsa. Audugar kuwa tana cikin jakata, na kasa yar da ita.

Akwai wanda ya taɓa ɓata abu irin haka da sunan gyara? Yaya kuka yi da zuciyarku?