Turakun da na ƙi kafawa a fadamar Khumra

Lokacin da abin nan ya faru ni safiyo ne, mai awon filaye, a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Ina da gida a unguwar Safa, ga mota, ga yara a makaranta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Ni mutum ne mai zafin kai, amma in aka zo maganar kafili, wato mai tsaya wa baƙo, sai in yi laushi, domin iƙamata, takardar zama a ƙasar, da ta iyalina duk a hannun kamfanin suke.

Kamfanin ya shirya gina gidaje da filin wasan golf a bakin teku, kudu da Khumra, aka tura ni awo. Da na isa sai na tarar da fadama ce ta ruwan gishiri. Ga itatuwa sun tsiro a cikin taɓo, ƙaguwa na gudu a gindinsu, ƙananan kifaye na wasa, tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Ni ɗan Nguru ne, a bakin fadama na tashi, warin taɓon nan kawai ya mayar da ni gida. Da zafi ruwan kan janye, wurin ya bushe fari fat, da sanyi ya dawo ya cika shi.

A aikinmu, duk inda safiyo ya kafa turke mai jan ƙyalle, nan katafila za ta bi, direba ba ya tambaya. Mudir, wato shugabanmu, ya kira ni ya ce in kafa turakun a bayan itatuwan ta ɓangaren teku tun ruwa bai dawo ba, a cike wurin da yashi, in jami'an muhalli suka zo dubawa su ga tudu. Ya ce yalla, halas, wato maza, an gama magana, ba ya son dogon zance. Wallahi na tafi, da turakun a bayan mota. Na shiga taɓo da guduma a hannu, sai ga sheƙuna a kan reshe daidai fuskata, 'yan tsaki na buɗe baki. Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na juyo na kafa su a iyakar gaskiya, inda ruwa kan tsaya in ya cika, abin da ya yanke musu babban ɓangare na filin wasan.

Mudir ya yi ta bambami. Ya tambaye ni ko tsuntsaye ne ke biyana albashi, ya ce ni baƙo ne, tekun ba ta ubana ba ce. Kai, nan raina ya ɓaci! Na ce masa ai shi ma ba ta ubansa ba ce. A take ya ce a buga mini fita ta ƙarshe daga ƙasar. 'Yan'uwa Hausawa na unguwar Balad suka yi ta yi mini tsiya, wai na zama sarkin tsuntsaye, in je in ba da haƙuri in gyara turaku. Maiɗakina ta yi kuka saboda karatun yara har ta gode Allah. Na ji tsoro ƙwarai, har na kusa komawa. Ita ce ta hana ni. Muna ɗaure kaya ta ce da na kafa turakun nan da ta ci gaba da dafa mini abinci, amma da ba ta ƙara kallona da daraja ba.

Yau ina awon fulotai a bayan Kano, motar ma babu. Na ji ruwan ya dawo kafin kamfanin ya sami wani safiyon, jami'ai sun ga fadama da idonsu, har yanzu ba a fara ginin ba. Gobe kuwa Allah ne masani.

Ina nadamar kaifin bakina, da raba yara da makarantarsu a tsakiyar shekara. Masu zuwa aiki ƙasar waje, ku riƙe harshenku, ku shirya iyalinku tun kafin ranar gwaji ta zo. Amma kada wani ya ruɗe ku da cewa ku baƙi ne, ba ruwanku. Wanda ya ba da umarni yana ofis cikin sanyi, hannunka ne zai yi ɓarnar, kuma da shi za ka koma gida ka ɗauki 'ya'yanka. Ni dai nawa na dawo da shi da tsabta, alhamdu lillahi.