Tabon Salansa

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana dakon ƙwai a kan babur. Kiret goma sha biyu yake ɗaurawa a baya, daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari, sawu biyu kullum. In ka tambaye shi ƙwai nawa ya taɓa fasawa, zai ce maka bakwai. In ka tambayi yadda aka yi, sai ya sauya magana. Babur ɗin ƙarami ne, ja, ko in ce da can ja ne. Gudu kuwa, mai keke in ya karya da kyau yana wuce shi. Shi ya sa duk unguwa ake ce masa Sannu-Sannu, har Mama in ya ɓata mata rai da sunan take kiransa.

Ni ce babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, aikina wankin ciwo a asibiti. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce masifa ce kawai ta sa na yi abin da na yi. Masifar akwai ta, ban musa ba, amma da dalili.

Baba yana da wata ɗabi'a. Duk wanda ya goya, kafin ya tsaya sai ya ce, "Sauka ta hagu." Mama ta ji wannan magana ta fi sau dubu, ta yi faɗan har ta gaji. Wallahi na taɓa jin ya faɗa wa buhun shinkafa. Salansar babur ɗin, wato bututun hayaƙin da ke gefen dama, ya sa an yi mata rigar ƙarfe mai huji-huji, kuma kullum da safe sai ya taɓa kusoshinta huɗu kafin ya tada inji.

Bara gonar ta sayi mota. Aka sallami Baba da agogon bango da musafaha. Amma ya ci gaba da tashi da sassafe, ya goge babur, ya ɗaura kiret babu ƙwai, ya zagaya shataletale ya dawo. Ana cikin haka gwaji ya nuna yana da ciwon suga. Na zaunar da shi na ce, "Baba, daga yau ƙafarka ta fi idonka tsada. Ko ƙaya kada ta soke ka. Mai suga in ya ji ciwo a ƙafa, ciwon ba ya jin magana." Ya ce to.

A ƙarshen layinmu akwai shagon wani bakanike, tsohon abokin Baba. A gaban shagon akwai rumfa, nan 'yan wata ƙungiya suke taruwa duk safiyar Asabar. Sunansu wai 'Yan Tsawa. Su goma sha huɗu ne, kowa da babur kamar ɗan maraƙi, kowa da baƙar rigar fata a tsakiyar zafi. Ciyaman ɗinsu likitan haƙori ne, Sakatare lauya, sauran akwai mai sayar da tayil da manajan otal da ire-irensu. Gaisuwarsu a hanya yatsa biyu ne, a nuna ƙasa. Amma ba kowa ake yi wa ba. Mai babur na haya ba mutum ba ne. Mai kai saƙo ba mutum ba ne. Wanda injinsa ba ya firgita kaji ma ba mutum ba ne. Baba ya shekara takwas yana ɗaga musu hannu gaba ɗaya, ko ɗaya bai taɓa amsawa ba, shi kuma ya ɗauka baƙin gilashin hular kwanonsu ne yake hana su gani.

Wata Asabar ya saka rigarsa mai kyau ya je neman shiga. Ya dawo yana murmushi. "Mutanen kirki ne," in ji shi, "suna da tsari."

Bakanike ne ya ba ni ainihin labarin. Kunya ta hana su gaya wa dattijo cewa babur ɗinsa abin wasa ne, sai Sakatare ya buɗe kundin dokoki ya karanto sashe na huɗu: mahayi na gaskiya sai da tabon ƙunar salansa a ƙafar dama. Nan take mutum goma sha huɗu suka nannaɗe wando, kowa yana nuna nasa. Baba ma ya nannaɗe. Ƙafa sumul kamar ɓararren ƙwai.

Ciyaman ya girgiza kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tabon nan shi ne sa hannun babur. Shekara talatin babur bai sa maka hannu ba? Ai kai ba mahayi ba ne, ɗan dako ne mai taya."

Da na ji, dariya na yi. Ban daina ba sai ranar da na ga rigar salansar a jingine bayan randa, kusoshi huɗu a cikin kofi.

Baba ya ƙudiri niyyar ƙona ƙafarsa. Abin da ya cece mu makon farko shi ne halinsa. Zai zagaya unguwa har salansa ta yi zafi, ya dawo ƙofar gida, ya kafe babur, ya kulle wuya, ya cire hular kwano, ya goge mazauni, ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya nannaɗe wando ninki uku daidai. Kafin ya gama, salansa ta huce, ko jariri zai iya zama a kai. Da ya gane haka sai ya gwada sauka ta dama kai tsaye. Ƙafar ta ƙi. Shekara talatin da ɗaya tana tsallakewa, ita da kanta take ɗagawa sama ta wuce. Mama ta ce ta leƙo ta taga ta gan shi yana yi wa ƙafarsa faɗa.

Ya nemi dutsen guga, Mama ta kai shi gidan maƙwabta ta ɓoye. Ashe ma ba zai yi ba, don an taɓa korar wani daga ƙungiyar saboda tabonsa yana da tsinin hancin dutsen guga. Daga ƙarshe ya je ya roƙi Bakanike ya tura shi a kan salansa ba zato. Nan ne Bakanike ya kira ni.

Na same shi a zaure yana wanke kiret. Na ce, "Baba, kana da hankali kuwa? Ni nake wanke irin ƙafafun nan. Daga ciwo kamar bakin kofi ake farawa, wata uku a kira mai zarto. Saboda wasu ƙartai masu rigar fata za ka ba da ƙafarka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tun da aka karɓe ƙwan nan, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake, ina za ni. Abu ɗaya na iya a duniya. Ina so in zauna a benci cikin masu babur, a ce ga mai babur."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya ƙaru. Ina shirin lallashi sai ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, an riga an warware matsalar. Ciyaman ya yi masa alfarma. Ranar Asabar zai ara masa salansar babur ɗinsa, wadda take rabin awa ba ta huce ba.

Asabar ɗin na bar aiki a hannun abokiyata, na fito da fararen kayana. Tun daga bakin layi nake jin rugugin inji. Na tarar an yi da'ira. Ciyaman yana murɗa totur, Sakatare yana riƙe da rula da kundi, manajan otal ya saita waya zai ɗauki hoto. Babana a tsakiya, wando a nannaɗe ninki uku, ya rufe ido.

"Kashe injin nan!" na ce. "Kashe shi, ko in kashe maka shi da dutse!"

Ya kashe. Na juya kansa. "Kai likita ne ko mahauci? Mutumin nan suga gare shi!"

Ciyaman ya cire gilashi ya ce shi haƙori ya karanta, ƙafa ba ɓangarensa ba ce. Kuma doka doka ce, kowa a nan ya sha wuya kafin ya samu nasa.

Bakanike, da yake kwance ƙarƙashin wani babur, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai naka a shagon da ka sayi babur ɗin ka same shi. Ka jingina za a yi maka hoto."

Wasu suka yi tari. Ciyaman ya ce ba inda doka ta ambaci wuri.

A nan raina ya gama ɓaci. Na ce, "Tabo kuke so? To ga tabo." Na ɗora ƙafar dama a kan bencinsu, na zame safa. Sama da idon sawuna akwai shi, faffaɗa, mai sheƙi, tsawon tafin hannu.

Sakatare ya nemi izini, ya durƙusa, ya auna daga nesa yana kau da kai. Ya duba kundi, ya sake aunawa. Ya miƙe ya ce, a tarihin ƙungiya ba a taɓa samun mai girman wannan ba, ya ninka na Ciyaman sau biyu da rabi.

Ina shekara biyar na samu abina. Shekarar ce Baba ya fara aiki. Ya ɗauko ni daga makaranta, ya tsaya a ƙofar gida, ni kuma don ɗoki na diro ta dama. Zafin ban tuna shi sosai ba. Abin da na tuna shi ne Baba yana gudu da ni a kafaɗa, ba takalmi, babur kwance a ƙasa taya na juyawa, da ragowar ƙwan ranar a fashe cikin turɓaya. Guda bakwai ne.

Sai da na juya na ga fuskarsa na gane cewa tun ranar bai ƙara kallon ƙafar nan ba. Duk sanda na zauna a tabarma, wani wurin yake kallo. Yanzu kuwa ya kafa mata ido.

Su kuwa gardama ta kaure. Sakatare ya ce sashe na huɗu ya ce tabo, bai ce iya tuƙi ba, saboda haka ni cikakkiyar mahayiya ce. Na ce ko keke ban iya ba. Ya ce wannan matsalata ce, ba ta kundi ba. Mai tayil ya ce a jefa ƙuri'a. Ciyaman ya ce mace, kuma ba babur? Sakatare ya ce a nuna masa shafin da ya hana.

Baba ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Tabon nan nawa ne," ya ce. "A ƙafarta kawai yake."

Ya sunkuya ya warware wandonsa, ninki ɗaya bayan ɗaya. Ni da na zo da masifa cike da baki, sai ga ni da hawaye. Na ji kunya, na ja safata.

Sakatare ya gyara murya ya ce, a shari'ance tabo ba ya canza mai shi. Amma ba sashen da ya hana mamba ɗaukar direba. Sannan sashe na tara ya ce ranar da aka karɓi sabon mamba shi ke jan ayari, ba mai wuce shi, kuma wanda ya gaisar kowa sai ya gaisar. Ciyaman ya karɓi kundin ya karanta da kansa. Shi ya rubuta sashen.

Baba ya ce a jira shi. Ya bar babur ɗinsa a nan ya tafi gida a ƙafa, ya dawo da rigar salansa da kofin kusoshi. Mutum goma sha huɗu suna tsaye cikin rana yana ɗaurawa, ya taɓa kowace kusa sau biyu. Aka yafa mini rigar fata mai warin gumin wani, na hau bayansa.

Ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba. Mu a gaba, kit-kit-kit, a bayanmu 'Yan Tsawa suna jan ƙafa a ƙasa don kada su faɗi. Manyan injunan nan ba su saba da rarrafe ba, sai mutuwa suke, ana tayarwa. Gumi yana ɗiga daga haɓar Ciyaman. Wani mai keke ya wuce mu, ya waiwayo, ya rage gudu don ya ƙara kallo. Duk ramin da muka tarar Baba sai ya zagaye shi, ayari ma ya zagaye. Mai babur na haya ya taho ɗauke da mata biyu da buhu, Baba ya ɗaga masa hannu gaba ɗaya, hannaye goma sha huɗu suka tashi a bayanmu. Mutumin ya tsorata har ya kusa shiga kwata. Mai kai saƙo ma ya samu nasa, da wani tsoho mai dakon burodi wanda ya tsaya cak ya cire hula.

Awa biyu muka yi a tafiyar da suke yi a minti ashirin. Ta madubi ina hango fuskar Baba. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin agogon bango.

Har yau yana zuwa rumfar duk Asabar. A kundi an rubuta shi direban mamba, amma benci bai san wannan ba, kuma shi ake kawo wa babur a ce ya saurari inji. Ƙafarsa tana nan sumul, ni nake duba ta duk mako.

Ranar da muka dawo daga wannan tafiya, ya tsaya a ƙofar gida, daidai inda ya tsaya shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Na ga ya miƙa ƙafarsa ta dama baya ya tare gaban salansa. Ashe kullum haka yake yi, ban taɓa lura ba.

"Sauka ta hagu," ya ce.

Na ce, "Baba, shekarata talatin da shida fa."

"Na sani," ya ce. "Ta hagu."