Naman Asabar na Kaka Saratu

A gidanmu na Naraguta, girkin ranar Lahadi tun yammacin Asabar ake yin sa, domin da safe kowa coci zai tafi. Sauran ranakun mako Mama ce ke girki a kan risho idan ta taso daga aiki. Amma miyar naman Asabar ta Kaka Saratu ce, mahaifiyar Baba, kuma ba ta yarda a yi ta a kan risho. Murhunta na duwatsu uku yana bayan gida, a jikin katanga, inda iskar da ke tasowa daga kududdufan haƙar kuza ba ta cika dukan wuta ba.

Naman ƙirji da na ƙafa mai jijiya take sa Baba ya sayo. Bayan la'asar za ta wanke shi, ta zuba a baƙar tukunyarta da albasa da citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, ta ɗora. Yana tafasa ni kuma ina jajjaga attaruhu da tattasai da tumatir a turmi, idona na hawaye. Kaka ta soya jajjagen a man gyaɗa har sai mai ya taso sama, ta sa daddawa, ta juye naman da romonsa a ciki. Daga nan sai ta janye itacen, ta bar garwashi kawai, ta rufe tukunya. Aiki ya ƙare, saura jira.

Jiran nan shi ne wahalarmu ni da yayana Dauda. Rana na faɗuwa sanyin Jos ya sauko, ƙamshi ya cika gida, mu kuwa mun zagaye murhu cikin rigunan sanyi muna haɗiyar yawu. In Dauda ya miƙa hannu zai ɗaga murfi, Kaka ta buge shi da ludayi, ta ce tunda nama bai shirya ba, mu gyara zama ta ba mu labari.

Labaranta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ta fi maimaitawa. Wai an yi wani tsohon manomi a kan tsauni, yana da 'ya'ya maza uku, duk a gida ɗaya da iyalinsu. Suna girmama shi ƙwarai. Duk ranar kasuwa sai sun sayo nama, kuma tsoka mafi girma a kwanonsa ake sawa. Abin da ba su sani ba, haƙoran tsoho na ciki duk sun zube, na gaba huɗu ne suka rage. Shi kuwa mutum ne da ya yi suna wajen ƙarfi a zamaninsa, ba zai iya buɗe baki ya ce nama ya gagare shi ba. Sai ya riƙa fakar ido yana tura tsokar cikin aljihu, in an watse ya zagaya bayan rumbu ya jefa wa kare.

Kare ya yi ta ƙiba, tsoho ya yi ta ramewa. 'Ya'yan suka damu, suka kira masu magani. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne. Aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe, aka kuma ƙara masa girman tsoka don ya yi ƙarfi.

Ana nan ƙaramin ɗan ya yi aure. Amaryar ba ta da yawan magana, amma tana da lura. Ta ga duk ranar kasuwa kare ba ya zama kusa da kowa sai tsoho, kuma aljihun rigar tsoho kullum da maiƙo. Da girki ya zagayo kanta, ta ɗora nama tun hantsi, ta ƙi saukewa. Rana ta faɗi, mijinta ya zo yana faɗa, wai ta bar mahaifinsa da yunwa. Ta ba shi haƙuri, ta ci gaba da gyara garwashi. Sai da naman ya kai in an taɓa shi da ludayi sai ya rabe, sannan ta zuba. Tsoho ya cinye tas, ya suɗe kwano. Kare ya gaji da jira, ya tashi ya tafi.

Na taɓa tambayarta me ya hana amaryar gaya wa mutanen gida abin da ta gano. Kaka ta ce, "Ta gaya wa wa? Mutumin da ya yi shekara yana ɓoye abu, ke ki tona shi a gaban 'ya'yansa? Ai da ya daina fitowa cin abinci gaba ɗaya."

Dauda shi karen ne damuwarsa. Kaka ta ce kare ya koma farauta kamar sauran karnuka, labari ya ƙare, a miƙo mata ludayi. Ta buɗe tukunya, ta danna tsoka ɗaya a jikin murfi. In ta rabe, ta ba mu ɗanɗano a tafin hannu, yaji ya sa mu shan iska, sauran kuma a rufe sai gobe a ci da acca ko shinkafa.

Kaka ta rasu ina aji uku a sakandare. Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin dabarar hana yara buɗe tukunya.

Bara waccan, bayan rasuwar Mama, Baba ya dawo wurina a unguwar Daɗin Kowa. Tsohon malamin makaranta ne, mai son tsabta, ba ya son a yi masa abin da zai iya yi da kansa. Ni kuwa ina tasowa daga ofis a gajiye, in ɗora nama a kan gas, kafin a gama labaran yamma na sauke. Nakan zaɓar masa manyan tsokoki, shi kuma kullum ya dawo da kwano babu komai, ya yi godiya. Amma wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake. Na kai shi asibiti sau biyu, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Dauda ya kira daga Kaduna ya ce ƙila kewar Mama ce. Ni ma haka na zata.

Wata Asabar da safe Baba ya fita zagaya unguwa, na shiga ɗakinsa kwasar wanki duk da ya hana ni. A aljihun kaftaninsa na ji abu. Leda ce a ƙulle, da tsoka uku na jiya a ciki, ɗaya da alamar an gwada cizo an bari.

Na zauna a bakin gadonsa da ledar a hannu. Da farko haushi na ji, har na shirya abin da zan ce masa in ya dawo. Can sai na tuna yadda Kaka take rufe baki da gefen zani in za ta yi dariya, da yadda take miƙo mana namanta duk ranar da Mama ta yi girki, wai ta ƙoshi. Shekaru nawa muka yi muna amsa muna murna, ba wanda ya tambaya.

Na mayar da ledar cikin aljihun, na rataye rigar inda na same ta. Na je kasuwa na sayo ƙirji da ƙafa, na ari murhun gawayi wurin maƙwabciya. Tun azahar na ɗora, ban sauke ba sai da duhu ya fara.

Baba ya zauna ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya sa cokali. Ya ci a hankali, bai ɗago ba har ya gama. Sannan ya turo kwanon wajena ya ce, "Rifkatu, attaruhunki bai kai na Kakarku ba. Ƙaro kaɗan in ƙara ji."

Shi ma ɗan gidan ne, ya ji labarin tun kafin a haife ni, don haka ina jin ya gane na gane. Bayan wata guda na ce masa haƙorina na ciwo, ya raka ni wurin likitan haƙori, tunda mun je kuma aka duba nasa.

Yanzu idan na tuna labarin, ba amaryar ke tsaya mini a rai ba, 'ya'yan tsohon ne. Ba mugaye ba ne, suna son mahaifinsu, suna ba shi mafi kyawun abin da suke da shi. Sai dai suna miƙa kwano su juya baya. Ni ma wata bakwai na yi a cikinsu, ina zaɓar wa Baba babbar tsoka, ina jin na iya riƙon uba.