Ranar da na yi wa 'yata wanka

Bayan na haifi 'yata ta fari, kaina ya juye. Na daina barci, ina jin ana kiran sunana daga cikin bango. Aka kai ni asibiti, aka ba ni magani, muryoyin suka lafa. Amma da na dawo gidanmu da ke unguwar Adjamé Liberté, babu mai barina in taɓa jaririyar. Mahaifiyata ke yi mata wanka, ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa ina kallo.

Wata malamar jinya ce ta tura ni wani gida a unguwar Treichville, bayan kasuwa. Mata ne da maza da suka taɓa yin irin ciwona, suna taruwa a tsakar gida su sha shayi. Su suka kafa dokokinsu. Ba a ɗaure kowa, kuma ba a magana a kan mutum yana zaune sai an tambaye shi. Malamar ma sai an ba ta dama take sa baki.

Babbarsu wata tsohuwa ce 'yar Nijar mai sayar da atamfa, muna ce mata Inna. Akwai tabon igiya a wuyan hannunta, ba ta ɓoye shi. Ba ta tambaye ni abin da muryoyin ke faɗa ba. Cewa ta yi, "'Yata, me kike so ki koma yi?"

Na ce, "Inna, wanka nake so in yi wa ɗiyata."

Washegari ta hau gbaka, ƙaramar motar hayarmu, ta zo har gida. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, tsoro nake ji ta sake ta a ruwa."

Inna ta ce, "Ni ma haka aka ce, ga nawa sun girma. Zauna kusa da ita, amma kada ki karɓa."

Na ɗauki jaririyar na sa ta a ruwa. Ta yi santsi da sabulu, ta tsala kuka, ta kama ɗan yatsana. Mahaifiyata ta miƙo tawul.

Na yi shekaru ina zuwa gidan nan. Daga baya ni ma aka riƙa aika ni wurin sababbin masu jego da ciwon ya kama. Rikicin siyasar ƙasar na 2011 ne ya watsa mu. Aka rufe hanyoyi, magani ya yanke, kowa ya nemi inda zai fake.

Da abin ya lafa, 'ya'yan Inna suka mayar da ita Nijar. Na raka ta tashar mota a Adjamé. Ina da maganganu da yawa a bakina, ita kuwa tana ta faɗa da direba a kan kujerar taga. Motar ta tashi ban faɗi ko ɗaya ba. Har yau ban samu wanda ya san garin da ta sauka ba.