Baba Wada, Mai Ɗanɗanon Sobiyar Misfala

Kullum da hantsi, shekara talatin da ɗaya, Baba Wada yakan shiga bayan wani shagon sobiya a unguwar Misfala ta Makka, ya kuskure baki sau uku, ya ɗauko ɗan kofinsa na gilashi. Ba ya shan taba, ba ya cin yaji, ko turare ba ya shafawa kafin aiki. Aikinsa ɗaya ne: ya bi ganguna ɗaya bayan ɗaya, ya ce "a sayar" ko "a zubar".

Sobiya ita ce jiƙon sha'ir ɗin nan da mutanen Makka ba sa son buɗa-baki ba tare da shi ba. Amma tana da mugun hali. Ta kwana daidai, ta yi daɗi. Ta zarce, ta koma giya, alhali a ido tana nan yadda take. Sai harshe ya sani.

Baba Wada mutumin Damagaram ne. Marigayi mai shagon ne ya koya masa sana'ar, kuma da gangan ya bar wani kofi ya kwana huɗu, ya sa shi ya ɗiga a harshe ya tofar. Ya ce, "Ka ji shi? Wannan ne maƙiyinka. Kada ka manta kamanninsa."

Bai manta ba. Abin da ya jawo masa ke nan.

Bayan rasuwar maigidan, ɗansa Talal ya karɓi shagon, ya kuma zama kafilin Baba Wada, ubangidan da ya tsaya masa a hukumance, wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, take hannunsa. Talal ya yi karatu a Amurka, ya dawo da dabara. A azumin bana ya sa aka gasa sha'ir har ya yi ja, ya zuba wani busasshen fure mai ɗaci da ya yi oda daga waje, ya ƙara wa jiƙon kwana ɗaya don ya yi ƙarfi. Ganga goma sha biyu. Wani attajiri ya riga ya saye su duka, sadakar buɗa-baki ga leburori a wani masallaci a unguwar Shisha.

Idris, tsohon direban shagon, yana tsaye a wurin, shi ya ba da labarin.

Baba Wada ya ɗaga kofin a hasken taga. Launin ya burge shi, ja kamar zuma, kumfa fara tana kwance a sama. Ya kai hanci: ƙamshin ɓawon lemo, da na burodin da ya ɗan ƙone. Da yake yana azumi, sai ya taɓa da bakin harshe kawai, ya juya, ya tofar a kwano, ya kuskure. Zaƙi ya fara zuwa. Ɗaci ya biyo, mai tsabta, ya daɗe bai tafi ba. Can ƙarƙashin ɗacin kuma sai ga wani ɗumi yana hawa hanci.

Ya sake. Ya sake na uku.

"Yaya, Ammu Wada? Ba ka taɓa jin irinta ba, ko?" in ji Talal yana murmushi, yana kiransa baffa da Larabci.

"Na taɓa. Sau ɗaya, a hannun babanka."

"Yani me kake nufi?"

"Ta yi kyau, ɗana, wallahi ta yi kyau. Amma ta juya. A zubar."

"Haba! Ɗacin furen ne ya ruɗe ka. Harshenka ya tsufa, kai da kake cin tuwo da gefen baki."

"Haƙora ne suka zube. Harshen yana nan."

Talal ya daina dariya. "La'asar ta kusa, mutum ɗari shida na jira. Idris, yalla, loda mota. Kai kuma Ammu, iƙamarka saura wata biyu. Ka tuna wa ke sa hannu."

Baba Wada ya tuna. Ya tuna Murja, matarsa, da ke kwance a maƙabartar Makka shekara shida, da burinsa guda da ya rage: ya mutu a garin nan, a sallace shi a Harami, a kai shi inda aka kai ta. Sannan ya tuna leburorin da suka wuni a rana da ƙishirwa, za su yi bismillah su kafa kai.

Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya murɗe famfon gangar farko. Ya matsa ta biyu. Talal na ihu da Larabci, Idris ya tsaya a bakin ƙofa, jan ruwa na bi ta kan silifas ɗinsu zuwa magudana. Har ta goma sha biyu.

Ba a sabunta iƙamar ba. An buga masa hatimin fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ranar Alhamis jirginsa zai tashi.

Baba Wada, kai ne katangar da ba a gani. Dubban mutane sun sha sobiyarka sun yi hamdala, ko sunanka ba su sani ba. Mutum ɗari shida sun buɗe baki da ruwa da dabino ran nan suna gunaguni, ba su san abin da ka tare musu ba, ba su san da me ka biya ba.

Jiya da safe, Baba Wada yana ɗaure akwati, aka ƙwanƙwasa. Talal ne, riƙe da kofi a rufe, idonsa a ƙasa. Sabon jiƙo ya yi, kuma duk shagon babu wanda zai iya cewa a sayar.

Baba Wada ya kuskure baki sau uku, ya ɗaga kofin a haske, ya kurɓa.

"Wannan lafiya lau. Amma kada ta kwana."

Mun gode, Baba. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da Murja a inda babu mai neman takarda. Mu kuma da muka rage, kowa da gangar da aka ba shi tsaro. Ranar da ta juya, Allah ya ba mu ƙarfin gwiwar durƙusawa mu murɗe famfo.